Masu Tafa wa Almakashin Bejin

Duk lokacin da labari ya iso cewa hukumomin ƙasar Sin sun yanke wani yanki daga fim saboda ya taɓo luwaɗi, sai ka ga wasu daga cikinmu sun cika da murna kamar an yi musu bushara. A ce ga ƙasar da ta san ciwon kanta, ga shugabannin da ba sa tsoron Turawa, ina ma namu za su yi koyi. Labaran kuwa ba sa yankewa. A 2019 an nuna fim ɗin Bohemian Rhapsody a gidajen siliman ƙasar bayan an zaftare duk wurin da ya nuna cewa mawaƙin da fim ɗin ke ba da tarihinsa yana neman maza. A Satumbar 2021 hukumar kula da rediyo da talbijin ta umarci tashoshi su daina nuna mazan da ke kwalliya da rangwaɗa irin ta mata. A 2022 kamfanin Warner Bros da kansa ya yarda aka cire daƙiƙa 6 daga wani fim na jerin Fantastic Beasts domin a bar shi ya shiga kasuwar Sin.

Muna ganin wannan murna ta masu hangen dala ce da ba su shiga birni ba. Wanda ya zauna ya kalli finafinan da aka hana ɗin, ya kuma duba waɗanda aka hana tare da su, zai ga cewa abin da ke gaban mai almakashin ba tarbiyyar kowa ba ce. Tambaya ɗaya ke gabansa: wa ke da ikon magana, wa kuma zai durƙusa ya amsa tambaya. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, hukuncin luwaɗi a addini malamai sun daɗe da bayyana shi kuma ba ya jiran wani fim. Magana muke yi a kan hukuma, da yadda take amfani da mutumin da jama'a ke ƙyama ta gwada kaifin wuƙarta kafin ta juya ta ga saura.

Mu fara da fim ɗin da ya fi kowanne fito da zancen fili, wato Dong Gong Xi Gong na Zhang Yuan, wanda aka kammala a 1996, Turawa kuma suka san shi da East Palace, West Palace. Ma'anar sunan ita ce Fadar Gabas, Fadar Yamma, amma kada sunan ya ruɗe ka da tunanin sarakuna da dogarai. Laƙabi ne da masu neman maza na birnin Bejin suka ba wasu banɗakunan jama'a da ke cikin lambunan shaƙatawa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma da tsohuwar fadar sarakunan Sin, dab da dandalin Tiananmen. Tun daga sunan an riga an faɗi rabin labarin: can tsakiya gadon mulki, a gefe da gefe kuma wurin da mutane ke laɓewa cikin dare.

Labarin kansa gajere ne. 'Yan sanda kan kai samame lambun, su tara mazan da suka kama, su sa su tsuguna, su zazzage su, su yi musu barazanar kai rahoto wurin aikinsu. A Sin ta wancan zamani wannan barazana ta fi duka ciwo, domin ma'aikatar mutum ita ke ba shi ɗakin kwana da takardar izinin aure da kusan duk abin da rai ke buƙata. Wani matashin marubuci mai suna A Lan ya faɗa hannun wani ɗan sanda, Xiao Shi, wanda Hu Jun ya fito a matsayinsa. Ɗan sandan ya kai shi ofishinsu da ke cikin lambun, ya zaunar da shi, ya ce sai ya faɗi duk abin da ya taɓa aikatawa. Sauran fim ɗin kusan duk a wannan daren ne, a ɗaki ɗaya, da tebur da kujera da ankwa.

Abin da ya sa fim ɗin ya wuce labarin tausayi shi ne yadda A Lan ya karɓi umarnin. An ce ya yi iƙirari, sai ya mai da iƙirarin tatsuniya. Ya ba da labarin ƙuruciyarsa da uwarsa, da wata yarinya a makarantarsu da aka laƙaba wa suna na wulaƙanci, da mazan da suka yi amfani da shi suka kuma ci zarafinsa. Yana ja yana saki kamar gwanin mai ba da labari da ya san inda zai tsaya mai sauraro ya matsu. Ɗan sandan da ya zo da tsawa sai ga shi ya koma mai jiran ci gaba. Shi ke riƙe da ankwa da kulki, amma wanda ke tsugune a ƙasa shi ke jan akalar daren. Can A Lan ya gaya masa cewa tun yana yaro, idan uwarsa ta tsorata shi da cewa ɗan sanda zai zo ya tafi da shi, shi ɗokin zuwan ɗan sandan yake yi. Ana kuma sarƙa labarin da hotunan wasan waƙe na gargajiya, inda wata fursuna ke tafe a ɗaure a hannun mai tsaronta, tana kallonsa da idon ƙauna domin ba ta da wani wanda za ta kalla.

Nan ne gizo ke saƙar. Da fim ne kawai na namiji mai son namiji, da an ture shi gefe an ce ƙazanta, an wuce. Amma ga fim yana cewa talaka na iya sabawa da mari har ya riƙa kiransa soyayya, ga shi kuma yana cewa mai marin ma ba ya iya rabuwa da wanda yake mari. Xiao Shi ya zagi A Lan da kalmar da ke nufin wulaƙantacce marar daraja, ya ce zai warkar da shi, ya sa shi ya saka kayan mata, ya watsa masa ruwa, amma ya kasa sallamarsa ya tafi gida. Gari na wayewa fursunan ya juya masa tambayar, ya ce ka yi ta tambayata dare guda, me ya hana ka tambayi kanka. Ɗan sandan ya juya ya tafi ba amsa. A ƙasar da shekara 7 kacal kafin nan aka tura tankokin yaƙi kan ɗalibai a dandalin da ke bakin wannan lambun, babu ɗan kallon da zai kasa gane wane ne ɗan sandan, wane ne kuma na tsugune.

Hukuma ma ta gane. Dama tun 1994 sunan Zhang Yuan na cikin jerin masu shirya finafinan da aka haramta wa aiki saboda sun kai finafinansu bukukuwan ƙasashen waje ba da izini ba. Wannan fim ɗin sai da aka fitar da shi a ɓoye zuwa Faransa aka ƙarasa haɗa shi a can. Da bikin finafinai na Cannes ya gayyace shi a 1997, sai aka ƙwace fasfonsa, aka nuna fim ɗin ba shi, aka ajiye kujera wayam a dandamali a madadinsa. Wanda suka rubuta labarin tare, marubuci Wang Xiaobo, ya rasu a Afrilun wannan shekarar, makonni kaɗan kafin bikin. Shi da matarsa Li Yinhe, masaniyar halayyar al'umma, su suka fara wallafa bincike mai zurfi a kan rayuwar masu neman maza a Sin tun farkon shekarun 1990, don haka samamen da ke cikin fim ɗin ba daga ka aka ƙirƙiro shi ba.

Yanzu ga abin da masu tafi ya kamata su tsaya su duba. Dokar laifuka ta Sin ta 1979 ba ta ambaci luwaɗi tsakanin manya da sunansa ba. Da wace doka ke nan ake kama su? Da sashe na 160, wanda ya haramta abin da Sinawa ke kira liumang, mu kuwa ba mu da fassarar da ta fi "iskanci" dacewa da shi. Su kansu Sinawa suna yi wa irin wannan sashe kirari da laifin aljihu, domin duk abin da ɗan sanda ya ga dama zai iya cusawa ciki. An cusa masu faɗan titi, an cusa masu shirya rawa a gida, an cusa matan da aka ce suna yawan samari. A kamen da aka yi na 1983, fitaccen ɗan wasan fim Chi Zhiqiang ya sha ɗauri da wannan sashen saboda liyafar rawa da mu'amala da mata. A 1997 aka soke sashen, a 2001 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire luwaɗi daga jerin cututtukan taɓin hankali. Amma aljihun bai mutu ba, suna ya sake. Ɗaya daga cikin 'ya'yan da ya haifa shi ne laifin "neman rigima da tayar da fitina", kuma da shi aka yanke wa Zhang Zhan ɗaurin shekara 4 a 2020 saboda ta je birnin Wuhan ta ɗauki bidiyon abin da idonta ya gani lokacin korona. Dokar da ba ta da baki ba ta da iyaka, yau ga wanda kake ƙyama, gobe ga wanda ya faɗi abin da kai ma kake son a faɗa.

Sai mu koma baya kaɗan zuwa 1993, ga Bawang Bie Ji na Chen Kaige, wanda duniya ta sani da Farewell My Concubine. Shi ne fim na harshen Sinanci da ya fara cin babbar lambar Cannes. Labarin yara biyu ne da suka tashi a makarantar koyon wasan waƙe na Bejin, inda a al'ada maza ke fitowa a matsayin mata. Ɗaya ya girma yana fitowa a sarki, ɗayan, Cheng Dieyi, wanda Leslie Cheung na Hong Kong ya taka, yana fitowa a ƙwarƙwarar sarkin, kuma ya kasa raba dandamali da rayuwa. Mutane da yawa suna tuna fim ɗin da wannan soyayyar. Mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne jerin hannayen da suka bi ta kan yaron. Uwarsa ta datse masa yatsa na shida da wuƙa domin makarantar ta karɓe shi. Akwai baitin da dole ya rera yana cewa shi mace ce, ya yi ta kuskure yana cewa shi namiji ne, ana dukansa, har abokin nasa ya cusa masa lofe a baki jini na zuba, sannan ya faɗa yadda ake so. Daga nan aka miƙa shi ga wani tsohon baban fada ya lalata shi. Ya girma attajiri ya mallake shi. Sojan Japan suka sa shi waƙa, gwamnatin 'yan Kuomintang ta gurfanar da shi da laifin cin amanar ƙasa saboda waccan waƙar, 'yan kwaminis suka zo suka ce fasahar tasa ta zamanin zalunci ce. Kowace gwamnati da ta zo sai ta gaya masa ko shi wane ne, kuma ba wadda ta taɓa tambayarsa.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce zaman tonon silili na Juyin Al'adu da ya fara a 1966. An durƙusar da 'yan wasan gaban wuta, jajayen dakarun Mao na ihu, aka ce kowa ya tona asirin ɗan'uwansa. Sarkin dandamali ya tona na Dieyi, Dieyi ya tona na matar sarkin cewa tsohuwar karuwa ce, mijin ya ce bai taɓa son ta ba, ita kuma ta koma gida ta rataye kanta. Chen Kaige ya san wannan zama daga ciki, domin shi da bakinsa ya sha faɗa cewa yana matashi ya la'anci mahaifinsa a bainar jama'a a irin wannan taro. An hana fim ɗin jim kaɗan bayan fara nuna shi a Sin, aka sake shi bayan 'yan makonni da yanke-yanke, a daidai lokacin da Bejin ke zawarcin karɓar wasannin Olamfik na 2000 tana kuma gudun surutun duniya. Cikin abubuwan da suka tsone wa hukuma ido har da yadda Dieyi ya kashe kansa a 1977, bayan Mao ya mutu an ce komai ya daidaita. A sabon zamani ba a yarda mutum ya yanke ƙauna ba.

Wanda ke shakkar wannan karatu namu, ga gwaji mai sauƙi. A wannan tsakanin aka hana The Blue Kite na Tian Zhuangzhuang, aka hana To Live na Zhang Yimou. Babu ɗan luwaɗi ko ɗaya a cikinsu. Labarin iyalai ne, miji da mata da 'ya'ya, irin gidan da masu tafi ke cewa ana karewa. Laifinsu kawai sun nuna abin da kamfe-kamfen jam'iyya suka yi wa waɗannan gidaje. A 2022 kuma, da manhajar Tencent ta saka tsohon fim ɗin Amurka Fight Club, sai aka cire ƙarshensa aka maye gurbin da rubutu a allo cewa 'yan sanda sun gano makircin sun kama kowa. Sai da 'yan kallo suka yi ta ba'a aka mayar da yawancin abin da aka cire. Wannan shi ne almakashin a tsiraicinsa: a kowane labari, ko na wa ne, dole ɗan sanda ya yi nasara.

Lan Yu na Stanley Kwan, na 2001, ya ƙara fito da abin. An ɗauke shi a Bejin ba da izini ba, daga wani labari da aka fara sakawa a intanet ba da sunan gaskiya ba. Hu Jun ne ya sake fitowa, wannan karon a ɗan kasuwa ɗan gidan manya, wanda ya sayi daren wani ɗalibi talaka ɗan ƙauye da kuɗi, ya yi ta yi masa kyauta har da gida yana tsammanin ya biya. Ƙarfin da ke cikin wannan fim na kuɗi ne da na uba a gindin murhu. Kuma a tsakiyarsa akwai daren 4 ga Yunin 1989, wanda ba a nuna shi ƙuru-ƙuru ba, sai duhu da ƙarar harbi da mutane na gudu a kan kekuna, da mutum yana neman wani a cikinsu. Ko da an wanke fim ɗin tas daga duk wata sha'awa, wannan daren kaɗai ya isa a rufe masa ƙofa. Haka Lou Ye: an hana shi aiki na shekara 5 a 2006 saboda Summer Palace da ya taɓo zanga-zangar 1989, shi kuma ya ɗauki ƙaramar kyamara ya yi Spring Fever a ɓoye a birnin Nanjing, labarin matar da ta sa a bi mata sawun mijinta ta gano namiji yake nema, fim ɗin ya ci lambar rubutun labari a Cannes a 2009. Hukuncin ya riga luwaɗin zuwa.

Za a ce mana, to ai duk wannan finafinan biki ne, an yi su domin Turawa su tafa, su ba da lamba, su kunyata Sin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan kuma ba za mu ɓoye ba. Bukukuwan Turai suna da marmarin fim ɗin da aka hana, har kalmar "an hana shi a Sin" ta zama abin talla a jikin fasta. Masana a cikin Sin ɗin kanta sun daɗe suna wannan suka. Turawan ma ba waliyyai ba ne wajen almakashi: kamfanin Miramax na Harvey Weinstein ya zaftare kusan minti 14 daga Farewell My Concubine kafin ya nuna shi a Amurka, don kawai yana ganin ya yi wa 'yan kallonsa tsawo. Hollywood da ke yi wa duniya wa'azin 'yanci ita ce ke miƙa wuyan finafinanta a yanka idan kuɗin Sin ya yi kira. Amma munafuncin mai ba da lamba bai mai da samamen lambun ƙarya ba, bai kuma mayar wa Zhang Yuan fasfonsa a ranar da yake buƙatarsa ba.

Za a kuma ce luwaɗi baƙon abu ne da Turawa suka kai Sin, hukuma al'adarta take karewa. Wannan kam tarihin ƙasar da kansa ya ƙaryata shi. Har yau a Sinanci akwai salon magana na "yankakken hannun riga", daga labarin Sarki Ai na daular Han, sama da shekara 2000 da suka wuce, wanda aka ce ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi wani saurayi mai suna Dong Xian da ya yi barci a kansa. Marubutan tarihin fada ne suka rubuta wannan, tun kafin wani Bature ya san hanyar Sin. Ba muna kawo shi domin yabo ba ne. Muna kawo shi ne domin a ga cewa jam'iyyar da ta rusa wuraren bauta ta ƙona littattafan gargajiya a shekarun 1960 ba ta da bakin cewa ita ce mai gadin al'ada.

Abin da ya fi tona asirin lamarin shi ne yadda ake sassautawa idan akwai riba. Akwai wani nau'in labaran soyayyar maza biyu da ake kira danmei, wanda akasari mata ke rubutawa mata ke karantawa a intanet. A 2016 aka yi fim mai dogon zango daga irinsa, Addicted, aka cire shi daga intanet kafin a gama nuna shi. A 2017 ƙungiyar da ke kula da bidiyon intanet ta saka luwaɗi a jerin abubuwan da ba a yarda a nuna ba. A 2018 wata marubuciya mai laƙabin Tianyi ta sami ɗaurin sama da shekara 10 saboda ta buga ta sayar da irin wannan littafi mai batsa, hukuncin da ya fi na wasu masu fyaɗe tsawo, abin da ya sa Sinawa da yawa suka yi ta ƙorafi. Amma a 2019 sai ga Tencent ta fito da The Untamed, kashi 50, daga littafin danmei, an dai ce jaruman biyu aminai ne, an bar kallon-kallo da rausayar murya yadda duk mai ido zai gane. Aka kalle shi sau biliyoyi, jaruman biyu, Xiao Zhan da Wang Yibo, suka zama taurari, har ana gayyatarsu shirye-shiryen gidan talbijin na gwamnati. 'Yan kallo suka raɗa wa abin sunan ba'a, wai 'yan'uwantakar gurguzu. Aka sake cin kasuwa da Word of Honor a 2021, sannan a ƙarshen shekarar aka rufe ƙofar baki ɗaya, lokacin da ƙungiyoyin magoya bayan taurari suka yi ƙarfin da ya fara ba hukuma tsoro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: marubuciya a kurkuku, kamfani a banki. Mai kishin tarbiyya na gaskiya ba ya buɗe famfo ya rufe gwargwadon abin da ya shigo asusu.

Haka ma zancen kare iyali. Wannan gwamnatin ce daga 1980 zuwa 2015 ta hana yawancin ma'aurata haihuwar ɗa na biyu, da tara da kora daga aiki da zubar da ciki na dole. Da lissafi ya juya, tsofaffi suka yi yawa, sai a 2021 aka ce a haifi uku, a shekarar kuma ma'aikatar ilimi ta fito da shirin cusa wa yara maza "mazantaka". A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu karo na farko cikin kusan shekara 60. Namijin da ba zai yi aure ya haihu ba yanzu giɓi ne a ƙididdigar ma'aikata da sojoji, kamar yadda jiya macen da ta haifi na biyu ta kasance rarar da ba a so. Jiki dai na jam'iyya ne, ita ke faɗin abin da za a yi da shi.

Ga kuma wurin da ya kamata hannun mai tafi ya yi sanyi. Tun 2018 harkar finafinai a Sin ta koma kai tsaye ƙarƙashin sashen farfaganda na jam'iyyar kwaminis, jam'iyyar da ta haramta wa 'ya'yanta bin kowane addini. Gwamnatin da ke cire sumbar maza biyu daga fim ita ce ke sauke ƙubba da hasumiya daga masallatai a Ningxia da Gansu da Yunnan, har aka yi arangama da jama'a a masallacin Najiaying a 2023. Ita ce ta tsare ɗimbin Musulmin Uighur a sansanonin Xinjiang, abin da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2022 yana iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. Kuma silima ba ta tsira daga wannan ba. A 2021 aka fito da The Wings of Songs, fim na waƙe-waƙe da raye-raye a Xinjiang, kowa na murmushi, an share addinin mutanen yankin daga hoton kamar yadda aka share rayuwar Freddie Mercury daga nasa. Salon aikin ɗaya ne: a bar mutum ya yi rawa, a cire abin da ya sa shi ya zama shi. A sansanonin kuma, bisa shaidar waɗanda suka fito, abin da ake nema daga mutum shi ne ya zauna ya rubuta iƙirarin kuskuren tunaninsa, ya gode wa wanda ya tsare shi. Wanda ya kalli daren A Lan a ofishin 'yan sanda ya riga ya ga fasalin ɗakin.

Mu da muka tashi da finafinan Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, yanzu kuma muke kallon na sarakunan Sin da fassarar Hausa a wayoyinmu, ba baƙi ba ne ga hukumar tace finafinai. Mun ga lokacin da aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a Kano a ƙarshen 2008 a kan fim ɗin Tsintsiya da batun rajista, kuma ba a manta cewa mutumin ya tsaya takarar gwamna shekara guda kafin nan ba. Kowa ya ɗauki matsayinsa a kan waccan shari'a, amma ta isa ta koya mana tambayar da ake yi wa kowane almakashi: wa ke riƙe da shi, wa zai iya kai shi ƙara, kuma a rubuce take dokar ko a aljihu. A Sin wani matashin mai shirya finafinai, Fan Popo, ya gwada wannan tambayar a 2015. An cire fim ɗinsa Mama Rainbow, na hira da iyaye mata waɗanda 'ya'yansu ke neman jinsinsu, daga shafukan bidiyo, shafukan suka ce umarni ne daga sama. Ya kai hukumar ƙara yana neman a nuna masa takardar umarnin. Hukumar ta ce ita ba ta taɓa ba da wata takarda ba. Kotu ta karɓi wannan, fim ɗin kuma bai dawo shafukan ba. An hana, kuma babu wanda ya hana.

Su kuwa manyan da suka yi waɗancan finafinai, yawancinsu sun shigo inuwa. Zhang Yuan ya dawo da Seventeen Years a 1999, da izinin hukuma, labarin wata fursuna da jami'ar gidan yari mai kirki ta raka gida hutun sabuwar shekara, ya ci lambar darakta a Venice. Zhang Yimou shi ya shirya bikin buɗe Olamfik na Bejin a 2008 da na 2022. Leslie Cheung ya rasu a Hong Kong ranar 1 ga Afrilun 2003. Chen Kaige kuwa yana cikin daraktoci uku na The Battle at Lake Changjin na 2021, fim ɗin yaƙin Koriya da aka yi domin cikar jam'iyya shekara 100, wanda ya tara sama da yuwan biliyan 5 a gidajen silima. A cikinsa akwai wani tsohon soja mai harba igwa da ya sadaukar da ransa domin 'yan'uwansa, 'yan kallo suka yi ta share hawaye. Hu Jun ne ya fito a wannan matsayi, ɗan sandan nan da aka yi wa tambaya da asuba ya juya baya ya tafi.